Sanyi ya hana ni gasa kasake da raku: in jira watan Afrilu ko in yi ta maza?

Uwar_Sadiq

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Winnipeg ta ƙasar Kanada, kuma shekara uku ke nan da na fara koyon ginin tukwane don sha'awa, ina yi a ƙarshen mako idan ba ni da aiki. Irin gashin da ya fi kwanta mini a rai shi ne wanda ake kira raku. Ga wanda bai san shi ba, bayan an yi wa kasko gashin farko ya yi ƙarfi, sai a shafa masa ruwan ƙyalli, a sa shi a ƙaramin tanderu na gas har zafi ya kai kusan digiri 1,000, sannan a ciro shi da awartaki yana ja zur, a jefa shi cikin garwa mai garin katako, a rufe. Hayaƙin ne yake shiga tsattsagewar ƙyallin ya zana baƙin layi kamar saƙar gizo-gizo. Saboda wuta da hayaƙi, dole a fili ake yinsa.

Na gina kasaken turaren wuta guda 14 domin 'yar yayata da za a aurar a Kano cikin watan Maris, kuma tun Nuwamba na yi musu gashin farko. Daga nan sanyi ya sauko. Ranar Asabar da ta wuce na gaji da jira, na share dusar ƙanƙara a bayan gida na kunna tanderu, ma'aunin sanyi yana nuna digiri 18 ƙasa da sifili. Zafi ya hau lafiya har 700, daga nan ya tsaya cak, wutar ta koma laɓe-laɓe, tukunyar gas kuma ta yi fari fat da raɓar ƙanƙara. Kasake biyu da na sa duk sun tsage. Saura 12 da mako bakwai. Shin sanyin ne ya fasa su? Kuma in haƙura har Afrilu in aika da su bayan biki, ko akwai dabara?

Injiniya_Aberdeen

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan ɗauki ɓangaren da na sani, wato gas, in bar maganar yumɓu ga masu ita. Abin da ke cikin tukunyar gas ɗinki ruwa ne, kuma sai ya tafasa ya zama iska kafin ya fito ya ci wuta. Furofen, wato irin gas ɗin da ke cikinta, yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, saboda haka a ka'ida sanyin ranar bai isa ya hana shi ba, amma ƙarfin turinsa yana raguwa sosai. A digiri 21 matsinsa yana kusa da 110 a ma'aunin matsi na psi, a sanyin da kika ambata kuwa bai wuce 24 ba. Ƙari a kan haka, tafasar kanta tana jan zafi daga jikin tukunyar, shi ya sa duk lokacin da kika buɗe wuta da ƙarfi ruwan da ya rage yake ƙara yin sanyi, har ya kai inda ba ya iya ciyar da bututun. Farin da kika gani a jikin ƙarfen shaidar hakan ce, kuma idan kin lura, iyakar inda ya tsaya shi ne iyakar ruwan da ya rage a ciki.

Ina kyautata zaton ƙaramar tukunyar gashin nama ce mai kilo 9 kike amfani da ita. Ki samo babba mai kilo 45, ko ki haɗa ƙanana biyu a kan bututu ɗaya, kuma su kasance cike, domin yawan ruwan da ke taɓa bangon ƙarfe shi ne yake ba da yawan iskar. Kada a kwantar da tukunya a gefenta don neman ƙarin wuta, domin ruwan gas ne zai biyo bututun.

Habu_Minnesota

Ni dai ban ga dalilin jira ba. Shekara shida ina gasa raku a cikin ƙanƙara, kuma gaskiya na fi son hunturu da rani: babu busasshiyar ciyawa da za ta kama wuta, kuma maƙwabta duk sun rufe tagoginsu, ba wanda zai zo ya yi ƙorafin hayaƙi. Abin da nake yi shi ne in tsayar da tukunyar gas cikin babban baho na ruwan ɗumi, in ya huce in ƙara, sannan in kwana da ita a gareji don kada ta fara aiki a sandare. Maganar tsagewa kuma, Yaya, ki yi lissafi da kanki. Kaskon da ya fito daga digiri 1,000 ya shiga iskar digiri 25, da wanda ya shiga iskar 20 ƙasa da sifili, bambancinsu bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Ba sanyi ne ya fasa miki su ba.

Injiniya_Aberdeen

Malam Habu, na yarda da bahon ruwan ɗumi, muddin ɗumi ne wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, kuma ba a kusantar da harshen wuta ko hita ga tukunyar. Amma kwana da ita a garejin da ke manne da gida ban yarda da shi ba. Furofen ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, kuma gidajen wajenku da na Hajiya yawanci suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda tukunyar ɗumama gida take ci. Shekara shida ba tare da tsautsayi ba rahamar Allah ce, bai kamata ta zama hujja ba.

Ɗan_Kurmi

Hajiya, da girmamawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ɗauko kaskon turare daga Kanada a kawo Kano. Idan kin sauka ki sa a kai ki Kasuwar Kurmi, za ki sami kasake iri-iri da kuɗin da bai kai na cika tukunyar gas ɗinki ba, ki huta da wahala.

Uwar_Sadiq

Na gode Injiniya, lallai ƙaramar ce, kuma ba ta ma cika ba, mun yi gashi da ita tun Satumba. Malam Ɗan Kurmi, ka yi gaskiya wajen kuɗi, sai dai yarinyar nan a hannuna ta tashi kafin in bar gida, kuma ina so ya zamana akwai abu ɗaya a ɗakinta da hannuna ya yi. Raku ba a cin abinci a cikinsa kuma ba ya riƙe ruwa, domin yumɓun bai gasu har ya toshe ba, shi ya sa na zaɓi kaskon turare, wanda wuta ce abincinsa.

Malama_Samaru

Hajiya, na karanta fannin tukwane a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ina koyar da shi yanzu, don haka bari in yi miki tambayoyi kafin mu yanke wa sanyi hukunci ko mu wanke shi. Kin ce zafi ya tsaya a 700, wanda ke nufin ba ki kai ga ciro su suna ja ba. To a ina suka tsage, a cikin tanderu yayin hawan zafi, ko bayan kin kashe wuta kin buɗe? Kin ji ƙara? Yaushe kika shafa musu ruwan ƙyallin, kuma a ina suka kwana? Sannan ki ɗauko gutsuren ki duba bakin tsagar. Idan ɓallewa suka yi, fuskar kaskon ta tashi kamar ɓawon burodi, wannan aikin tururi ne. Idan kuwa layi ɗaya ne ya ratsa daga baki zuwa gindi, bakinsa da kaifi, wannan saurin canjin zafi ne.

Lissafin Malam Habu daidai ne a takarda, amma ya bar abu ɗaya. Abin da ke fasa kasko bambancin zafi ne tsakanin wani sashe nasa da wani, kuma iska mai kaɗawa ce take kawo wannan, domin tana sanyaya gefe ɗaya ta bar ɗayan. Akwai kuma wata gaɓa a digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suke kumbura farat ɗaya idan zafi na hawa, su kuma tsuke idan yana sauka. Kaskon da rabinsa ya ƙetare wannan gaɓa rabinsa bai ƙetare ba yana cikin haɗari, ko a Zariya ne cikin watan Afrilu.

Jikar_Magina

Sallama gare ku. Ni daga Miriya nake, kusa da Damagaram, kuma kakata da ƙannenta duk magina tukwane ne, a gindin aikinsu na yi wayo. Abin ya ba ni mamaki da na ji hunturu yana hana wani gashi, domin a wajenmu damina ce take tsayar da aiki, rani kuwa shi ne kasuwarsa. Amma ko mu ba ma wasa da iskar hunturu. Idan an gina tulu ba a barinsa a bakin iska, sai a kife shi a inuwa ko a rufa masa tsumma, in ba haka ba baki ya riga gindi bushewa ya dare. Ranar gashi kuma tun hantsi ake jera tukwane a rana su sha zafi, manyan randuna har a sa musu ɗan garwashi ko a ƙona kara a cikinsu, kuma ba a cinna wa tarin wuta sai iska ta kwanta wajen maraice. Kakata takan ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta kara a kunne, in ba ta ji amon da take so ba ta mayar da ita rana. Ban taɓa ganin an ɗauko tukunya mai sanyi an jefa a wuta ba. Anti, ki duba nan.

Uwar_Sadiq

Malama da 'yar'uwata ta Miriya, kun kama ni. Da daren Juma'a na shafa musu ruwan ƙyallin, kuma don kada yara su taɓa sai na kai su gareji, inda ko ruwan kwalba daskarewa yake yi. Da safe na taɓa na ji su a bushe, ashe daskarewa suka yi. Na ji ƙara biyu tun kafin zafi ya kai 300, na ɗauka ƙarfen durom ɗin da aka yi tanderun da shi ne yake motsi. Na ɗauko gutsuren yanzu: ɗaya fuskarsa ce ta ɓalle wajen gindi inda ya fi kauri, ɗayan kuma ya rabu daidai inda na liƙa ƙafar da cikin kaskon.

Habu_Minnesota

To kun gani, ruwa ne, ba sanyi ba ne, kamar yadda na faɗa.

Malama_Samaru

Malam Habu, ruwa ne, amma wane ne ya ɓoye ruwan har ta ɗauka sun bushe? Kaskon da aka yi wa gashin farko yana shan ruwa kamar soso, kuma da a ɗaki mai ɗumi ya kwana da ya fitar da mafi yawansa. Hajiya, ragowar 12 ɗin ki shigo da su cikin gida su yi aƙalla kwana biyu kusa da inda ɗumi ke fitowa. Ranar aiki ki sa su a tandar girki a ƙaramin zafi, ƙasa da digiri 100, na tsawon awa ɗaya, sannan ki fito da su a nannaɗe kai tsaye zuwa tanderu. Zubi na biyu da na uku ki jera su a kan murfin tanderun su sha zafi yayin da na farko ke ciki. Shi kansa tanderun ki duba shi, domin bargon zaren da ake liƙa wa durom don riƙe zafi yana shan danshi, kuma idan ya jiƙe zafin farko duk a busar da shi yake ƙarewa.

Na biyun da ya rabu a mahaɗa ya fi damuna, domin idan haka kika liƙa sauran, suna iya bin sahunsa. Ki ƙwanƙwasa kowanne kamar yadda kakar 'yar'uwarmu take yi. Nan gaba kuma ki ƙara dakakken tsingaro a yumɓun, wanda shi ne abin da maginanmu suke yi tun fil azal, kuma shi ne dai Turawa suke sayarwa a buhu da sunan yumɓun raku.

Ɗalibi_a_Kiyoto

Ina neman afuwa zan ɗan karkata, amma yana da alaƙa da tambayar. Abin da Hajiya take yi, wato jefa kasko a garin katako, ba shi ne rakun Japan na asali ba. Na asali ya faro ne a nan Kiyoto a ƙarni na 16, lokacin da wani magini mai suna Chojiro ya riƙa yi wa malamin shayi Sen no Rikyu ƙoƙunan shan shayi. Da hannu ake murza su, babu keken juyi, kuma baƙin ƙoƙo ɗaya-ɗaya ake gasa shi da gawayi da zuga-zugi, a ciro shi ya huce a iska, babu garwa babu hayaƙi. Zuriyar gidan har yau suna aikin, yanzu suna kan magaji na 16, kuma akwai gidan tarihi na Raku kusa da gidansu wanda na ziyarta sau biyu. Ƙoƙon Chojiro idan ka gan shi ba ya wani sheƙi, baƙi ne dusu-dusu kamar dutsen rafi. Jefawa cikin abin da ke ci da wuta Ba'amurke Paul Soldner ne ya yaɗa shi daga 1960 a Kaliforniya. Dalilin kawo wannan shi ne, idan hayaƙi da garwa suna cikin abin da ke wahalar da aikin a sanyi, ana iya barin su kuma ba a fita daga sunan raku ba. Kalmar kanta ma tana nufin sauƙi ko jin daɗi.

Uwar_Sadiq

Allah Ya ƙara ilimi, ɗana. Sauƙin dai ban gan shi ba tukuna. Sai dai baƙin layin nan da hayaƙi ke zanawa a kan farin ƙyalli shi ne abin da nake nema, idan na bar garwa farin kasko kawai zan samu.

Dattijon_Suleja

Na daɗe ina karanta ku, bari tsoho ya sa baki. Yaron da ke Japan ya tuna mini da wata silsila da ta biyo ta ƙofar gidanmu. Baturen Ingila Bernard Leach a wajen wani taron gashin raku a Tokyo ya fara sha'awar tukwane, a 1911. Da ya koma gida ya buɗe wurin aiki a St Ives, kuma almajirinsa na farko shi ne Michael Cardew, wanda ya zo ƙasar nan ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garinmu a farkon shekarun 1950, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, kafin babban birnin tarayya ya karɓi sunan. A nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce wadda hotonta yake bayan naira 20. Abin da suke yi a cibiyar ba raku ba ne, gashi ne mai tsananin zafi da itace, wanda ke sa tukunya ta riƙe ruwa kamar tangaran.

Amma abin da nake so Hajiya ta ji shi ne wannan. Ciro tukunya daga wuta da zafinta a yi mata wani abu ba baƙon aiki ba ne a wajenmu. Matan Gwari na ganinsu da idona suna janyo tukunya daga toka da dogon itace, su yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tana cuu tana tururi, ta fito da launin ƙasa-ƙasa mai duhu da ɗan sheƙi. Su ba su taɓa yin wannan da gaggawa ba, kuma ba sa ɗaura ranar gashi da ranar bikin kowa. Ni shawarata ki jira. Amarya ba gudu za ta yi ba, kyautar da ta zo bayan wata biyu ma kyauta ce.

Nas_Hadiza

Baba ya yi magana, ni kuma zan ƙara ta fuskar lafiya, domin na san inda zuciya take kai mutum idan sanyi ya matsa: sai ya ce bari in ja tanderun cikin gareji in bar ƙofa a buɗe. Don Allah kada a yi. Tanderun gas da garwar hayaƙi duk suna fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari, irin wadda take kashe mutane a gida idan an kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Abu na biyu shi ne tufafi. Rigunan sanyin da muke sawa a ƙasashen nan yawancinsu roba ce, idan zafi ya taɓa su narkewa suke yi su manne a fata, kuma ƙunar da ta fi wuyar jinya ke nan. Ki sa auduga ko ulu ko fata, mayafi kuma ki cusa shi cikin riga kada ya yi lilo. Sannan ki zuba yashi a duk inda za ki taka tsakanin tanderu da garwa, domin ƙanƙarar da zafi ya narkar takan sake daskarewa ta zama santsi, ga ki kuma riƙe da abu mai digiri 1,000.

Jikar_Magina

Akwai wata hanyar da ba ta bukatar gas ko kaɗan. Tunda an riga an yi musu gashin farko, a wanke ruwan ƙyallin, a bar su su bushe, a binne su cikin durom mai garin katako, a cinna wuta daga sama a rufe ya yi ta ci a hankali har gari ya waye. Za su fito baƙi da ratsin toka. Haka ake baƙanta tukunya da ƙaiƙayi ko kashin shanu a wajenmu.

Malama_Samaru

Hanyar tana aiki, kuma sanyi ba ya hana ta sosai. Sai dai kyan baƙar tukunya yana zuwa ne daga gugar da aka yi mata da dutse mai santsi tun tana ɗanya-ɗanya, kuma wannan lokacin ya wuce wa kasaken Hajiya. Ba tare da guga ba za su fito baƙi amma gautsi-gautsi, babu sheƙi. Ina ganin a ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe, ko a gwada da guda biyu a gani.

Uwar_Sadiq

Ga inda aka kwana. Baba Dattijo, na ji maganarka kuma ta tsaya mini a rai, amma da hasashen yanayi ya nuna Lahadi za ta sassauta zuwa digiri 5 ƙasa da sifili, sai na kasa haƙuri. Na aro babbar tukunyar gas, na kafa allon katako biyu ta ɓangaren da iska ke fitowa nesa da wuta, na zuba yashi, mai gidana ya riƙe murfin garwa. Na sa guda huɗu waɗanda suka kwana uku a ɗaki. Cikin minti 50 ƙyallin ya narke, na leƙa ta ramin sama na gan shi yana walƙiya kamar zuma. Da na ciro na farko na riƙe shi a iska ina jin ƙyallin yana ƙaf-ƙaf yana tsattsagewa, sannan na sa shi a garwa. Uku farare sun fito lafiya, kuma layinsu ya fi duk wanda na taɓa samu da rani yawa da kyau. Na huɗu mai ruwan jan ƙarfe ne, wanda nake so ya fito ja mai walƙiya, amma ya fito kore shar kamar ganyen alayyafo. Kafin in sa zubi na biyu iska ta tashi, magariba kuma ta kawo jiki tun wajen ƙarfe biyar, sai na kashe. Saura takwas, kuma an ce sanyi zai dawo da ƙarfinsa har ƙarshen wata.

Habu_Minnesota

Barka, Yaya! Ni ma na lura fararen sun fi tsattsagewa da kyau a hunturu. Koren kuwa jinkiri ne. Jan ƙarfe yana yin ja ne idan hayaƙi ya hana shi iska tun ƙyallin yana da taushi, in ya sha iska sai ya koma kore. Farare suna son a ɗan tsaya da su a fili, masu jan ƙarfe kuwa daga tanderu sai garwa, taku biyu, kuma murfin ya rufe ruf, har da jiƙaƙƙiyar jarida a bakinsa. Kina iya mayar da shi wuta ki sake. Abu ɗaya kuma: kada ki tsoma su a ruwa a waje ki bar su, domin ruwan da suka sha zai daskare a cikinsu ya fasa su bayan kin gama murna.

Malama_Samaru

A nan dole in yarda cewa sanyi yana da hannu, domin lokacin da ƙyalli yake ɗauka kafin ya daskare ya fi gajarta a irin wannan iska, don haka abin da ya yi wa fararen alheri shi ne ya cuci mai jan ƙarfe. Sake gasawa yana yiwuwa, amma kowace shiga wuta tana raunana kaskon, kuma wannan zai yi doguwar tafiya a akwati. Ki kuma sani cewa jan walƙiyar ba ya dawwama, yana dusashewa da shekaru idan iska da rana suna taɓa shi, balle kaskon da zai riƙa ɗaukar garwashi. Nawa ne masu jan ƙarfe a cikin takwas ɗin?

Dattijon_Suleja

Uku masu kyau sun isa a kai wa amarya. Kin ci sa'a da rana ɗaya, kuma ina jin tsoron sa'ar ta sa ki fita a ranar da ba ta dace ba saboda kwanaki suna matsowa. Ki tafi da ukun, sauran su jira Afrilu.

Ɗan_Kurmi

Idan koren ba ya cikin lissafi, Hajiya, ni ina so. Kore ba aibi ba ne a Kano.

Injiniya_Aberdeen

Idan za a sake fita, a duba nauyin tukunyar da aka aro kafin ranar, kada a maimaita abin da ya faru da farko, domin babba ma idan ta yi ƙasa da rabi a sanyi mai tsanani za ta gaza. Ni a ganina ma'aunin iska ya fi ma'aunin sanyi muhimmanci wajen zaɓen rana: digiri 12 ƙasa da sifili babu iska ya fi digiri 3 da iska mai kaɗa harshen wuta.

Uwar_Sadiq

Malama, biyar ne masu jan ƙarfe, uku farare. Ina tunanin wanke biyar ɗin in mayar da su farare, tunda su ne sanyin yake wa kyau, amma farin ruwan ƙyallin da ya rage mini na bar shi a gareji ya daskare ya zama dutse a bokiti. Shin idan ya narke aka tace shi zai yi aiki, ko sai na haɗa sabo? Kuma kaskon da aka wanke kwana nawa zai ɗauka kafin ya karɓi wani shafin? Ukun da suka fito suna kan tagar kicin, har yanzu gidan yana warin hayaƙi, Sadiq ya ce kamar an yi babbakar kan saniya.